Murya ta shiga ɗaki, fuska ta tsaya a zaure: lamarin wata mawaƙiya a Sakkwato

Kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallar 2023 aka kira taubashiyata daga Kano. Muna zaune a tsakar gidanta a Mabera da la'asar sakaliya, cikin irin zafin nan na Sakkwato da kan haura digiri 40, wanda ko bango ka jingina da shi sai ya rama. Jaririyarta mai wata huɗu tana kwance a cinyata, babban yaron kuma, ɗan aji biyu na firamare, ya tafi makarantar allo. Ta daɗe tana "to, to, in sha Allahu" a waya, sannan ta kife ta a kan tabarma ta dube ni.

"Kin ji mi sunka ce? Wai in tahi Kano wata biyu. Ni za ni yi waƙar, ni kuma za ni hito."

Fim ne mai dogon zango, irin wanda ake sakawa kashi-kashi a YouTube, kuma a cikin labarin akwai wata mawaƙiya. Suna son wadda za ta rera da bakinta, ta kuma hau matsayin da fuskarta. Shekara goma sha tana jiran irin wannan kira. Da ya tashi zuwa, sai ya iske ta da goyo.

Ba zan ambaci sunanta ba, haka muka yi da ita. Ko na ambata ma kaɗan ne za su gane ta. Muryarta kuwa, duk wanda ya saba zuwa biki a Sakkwato ko Gusau ko Birnin Kebbi da wuya a ce ba ta taɓa ratsa kunnensa ba. Ni ɗiyar kawunta ce, ita ɗiyar gwaggona, kuma ni ke riƙe mata littafin shiga da fita tun kafin ta yi aure, don ita in aka bar ta da lissafi rera shi za ta yi. Abin da zan kawo a nan daga littafin nan ne, da kuma zaman da aka yi a gabana.

Inda muryar ta fito

Sakkwato gari ne da waƙa ta yi wa aiki. Da waƙa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi suka isar da karatu ga wanda bai ji Larabci ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa jajoji, wato mata masu koyarwa, suna kai su ƙauyuka wurin matan da ake kira 'yan taru. Ta ɓangaren fada kuma, tsohuwar ƙasar Sakkwato ce ta fitar da Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo. Sai dai garin ya daɗe da raba abin gida biyu. Akwai waƙe, na malamai, wanda ake sa wa albarka. Akwai kuma kiɗa da roƙo, wanda ake jin daɗinsa a yi masa kyauta, amma ba a so a ce ɗan gidanku ne ke yi.

Taubashiyata a gida na farko ta tashi. A Islamiyya ita ake ba ƙasida ranar walimar sauka, tsofaffi suna share hawaye suna cewa Allah ya yi wa yarinyar nan baiwa. Tana kwalejin ilimi wata ƙawarta ta raka ta wani ɗan situdiyo da ke yin tallan rediyo da waƙoƙin siyasa, don 'yar amshinsu ba ta zo ba. Muryar ba ta sauya ba, maƙogwaron ma shi ne, abin da aka ƙara kawai piyano ne a ƙarƙashi. Da labari ya kai gida, Gwaggo kwana uku ba ta amsa mata gaisuwa ba.

Mahaifina, wato Kawunta, shi ya shiga tsakani tun daga ranar, kuma har yau shi ake kira in magana ta taso. Shi ya amince ta riƙa zuwa Kano lokacin hutu, ta sauka wurin wata 'yar'uwarmu, bisa sharaɗin karatu ba zai tsaya ba. Bai tsaya ba ɗin, ta karɓi takardarta ta koyarwa, tana nan cikin akwati.

Yadda ake sayar da murya

Wanda bai san cikin sana'ar ba yakan ɗauka jarumar da ya gani tana rausaya a fim ita ke waƙar. Tun da finafinan bidiyo na Hausa suka kankama a Kano daga 1990, aka kuma ɗauko salon rawa da waƙa irin na Indiya, aikin a rabe yake. Wani ya rubuta baitoci, makaɗi ya haɗa kiɗa a piyano, mawaƙi namiji ya hau, sannan a nemo macen da za ta amsa masa. A situdiyoyin da ke kewayen titin gidan Zoo takan shiga ɗaki ta sa abin ji a kunne, a karanta mata baiti ta maimaita, a yanka, a sake. In an gama a sallame ta. Daga nan waƙar ta tafi hannun furodusa, jaruma ta yi mamin, wato motsa baki kamar ita ke rerawa, a kanta a lokeshan, wurin ɗaukar fim, sunan mai muryar kuma, in an tuna, ya wuce a guje a ƙarshen fim lokacin da kowa ya tashi.

Sallamar nan sau ɗaya ce. Waƙa ta yi kasuwa ko ta kwanta, abin da aka damƙa mata ranar shi ke nan. Daga baya masu tura waƙoƙi a mimori suka cika bakin kasuwanni, har da namu na nan, kowa ya miƙa waya a zuba masa ɗari a kuɗin da bai kai na kwanon fura ba. A cikin matan da suka yi wannan aiki, 'yan kaɗan ne irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba sunansu ya fito fili har jama'a suka san su. Saura murya ce kawai.

Na koma littafin na duba shekarunta huɗu na zirga-zirgar Kano. Shafi bayan shafi, sunan waƙa, kuɗin da aka ba ta, kuɗin mota, abin da ya rage. A wurare da yawa na rubuta "saura", ma'ana an ba da rabi za a cika. Mafi yawan sauran nan har yau saura ne. Babu takarda ko ɗaya, babu kwafin waƙa ko ɗaya da ke hannunta a matsayin nata.

Fim kuwa da ƙyar aka bari. Abin kunyar nan na bidiyon wata jaruma da ya tayar da ƙura a 2007, har aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta ƙara tsaurara sharuɗɗa, bai bar zukatan iyaye ba ko bayan shekaru. Kawu ya sa hannu a matsayin waliyyi bayan dogon ja-in-ja. Ta fito a finafinai huɗu, uku a matsayin ƙawar jaruma, irin wadda ke zama a bakin gado tana cewa "ki yi haƙuri". A na huɗun ne kaɗai aka bar ta ta yi mamin a kan muryarta, minti biyar, cikin wani lambu. Ta ce mini ranar ce kaɗai ta ji ta cika mutum guda. Minti biyar ɗin nan kuma su aka tura wa dangin mijinta a waya mako biyu kafin ɗaurin aure.

Sharuɗɗan zaure

Mijin ɗan kasuwar albasa ne, yana saye a ƙauyuka yana lodi zuwa Kudu. Ya san sana'arta tun kafin ya fito nema, a wurin biki ma ya fara jin ta. Da ƙura ta tashi a danginsa, sai aka zauna a zauren Kawu a 2015 aka yanka sharuɗɗa da baki, gaban shaidu: ba fim, ba taron dare, ba taron da maza da mata ke cakuɗe. Situdiyo an yarda, da rakiya. Taron mata zalla, kamu da sa lalle da walima da suna, an yarda.

A lokacin kowa ya ga an yi adalci, har da ni. Al'adar masana'antar ma haka take: jaruma in ta yi aure galibi takan bar fitowa, sai in auren ya mutu a sake ganinta. Mai murya ita ce ke da sa'a, don abin da take sayarwa ba a ganinsa, yana iya bin ta ɗakin miji. Abin da babu wanda ya hango a zauren nan shi ne kasuwar da aka gina sharuɗɗan a kanta tana gab da rushewa. Cinikin faifan CD ya mutu cikin 'yan shekaru. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da shiri mai dogon zango, daga baya furodusoshi suka koma YouTube da irinsa. Shirin dogon zango kuwa ba ya cin waƙa kamar fim ɗin da, wanda akan cusa masa uku ko huɗu. Mawaƙa maza suka koma sakin bidiyon kansu. Sannan TikTok ya zo, inda ba a san murya marar fuska ba. An bar mata ƙofa a buɗe, amma ɗakin da ƙofar ke kaiwa ya zama kango.

Haihuwar fari ta zo a shekara ta biyu. Ta koma gida wanka, Gwaggo ta tsare ta da ruwan zafi safe da yamma da kunun kanwa har aka yi arba'in, aka ƙara mata wasu makonni don ɗan fari ne. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi, in ta kai wata shida tana aikin. Mai murya ba ma'aikaciyar kowa ba ce. Aikin situdiyo kuma kiran "gobe da safe" ne, daga Sakkwato zuwa Kano kuwa sama da kilomita 500 ne, yini guda a mota. Sau uku aka kira ta tana jego ta ba da haƙuri, ba a yi na huɗu ba. Ba mugunta ba ce, akwai 'yan mata a unguwannin Kano da za su iso cikin rabin awa a Adaidaita.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: muryar kanta ta sauya. Ta yi ƙasa, ta yi kauri, siririn saman nan da mawaƙan soyayya ke so ya ƙi kamuwa, numfashi kuma ya gajarta na wani lokaci. Ta yi kuka a kan wannan fiye da yadda ta yi a kan kuɗi. A kunnena dai muryar bayan haihuwa ta fi ta da daɗi, ta fi zama a ƙirji, amma ni ba ni ke saye ba.

Abin da ya riƙe ta waƙar biki ce. Uwar amarya ta turo sunaye ta WhatsApp: amarya, ango, iyaye, gwaggwanni, ƙawaye, kowa da kirarin da ake so a yi masa, kuma kaiton mawaƙiyar da ta manta da uwargidan babban wa. Ta zauna ta tsara baitoci da kanta, abin da ba a taɓa barinta ta yi a Kano ba, ta je situdiyon cikin gari ta ɗauka, a ba da rabin kuɗi kafin, rabi bayan. In an gayyace ta kamu ta rera a gaban mata, liƙi ya biyo baya. A nan ta gano tana iya rubutu. Shekarar korona, 2020, taruka suka tsaya, ta koma sayar da turaren wuta da humra. Tsakanin yaran biyu an yi ɓari guda. A farkon 2023 kuma canjin takardun naira 200 da 500 da 1000 ya janyo ƙarancin tsabar kuɗi, liƙi ya ƙafe, mata suna cewa "turo lambar asusu" a cikin hayaniyar biki, rabinsu kuma mantawa suke yi. A wannan hali kiran Kano ya same ta.

Zaman da aka yi

An sake haɗuwa a zauren Kawu bayan sallar isha'i. Mijin, da Hajiya mahaifiyarsa, da Gwaggo, da ita, da ni a gefe da littafi. Na shiga da tunanin na san inda kowa zai tsaya, ashe ban sani ba.

Na ɗauka Hajiya ce za ta fi kowa zafi. Sai ga shi ita ba ruwanta da waƙar. Tsohuwar mai son amada ce, ta sha ba mu labarin yadda suke juya ƙwarya a gidan biki suna bin waƙoƙin Barmani Choge, har ta ce ranar da aka sanar da rasuwarta a 2013 ba ta iya cin tuwo ba. Damuwarta hanya ce. Daga Talata Mafara zuwa Gusau, Tsafe, har Funtuwa, kowa ya san abin da ake fama da shi na 'yan bindiga.

"Ni ba a kai mini jika wagga hanya," in ji ta. "In waƙa ta, ta yi ta nan. Awo."

Gwaggo kuwa, uwar da ta haife ta, ita ce ta ce a bar abin gaba ɗaya, a ɗauko takardar koyarwa daga akwati. Shekara goma sha ba su rage mata komai ba. Ta ce ita har yau in an ce "uwar mawaƙiya" a gidan suna sai ta ji kamar ta nutse.

Mijin ya yi shiru har aka gama, sannan ya ce shi maganarsa ba ta sauya ba, fuska dai a'a. Taubashiyata ta ce, cikin ladabi amma muryarta na rawa, "Alhaji, lokacin da anka yi sharaɗin ga, ana sayen murya ita ɗai. Yanzu ba a saye." Ya ce ya sani. Sai ya juya wurin Kawu.

"Kawu, ni abin da ban gane ba shi ne cinikin. In na sayi albasa a gona lokacin kaka, manomi ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ni na zuba a rumbu. Bayan wata shida in ta yi tsada, ribar tawa ce, ba tasa ba. Ita shekara nawa tana sayar da tata a gona? Wa ke da rumbun?"

Babu wanda ya amsa. Ni da ke riƙe da littafin na fi kowa sanin amsar, kuma na ji kunya, don shekara da shekaru ina rubuta "saura" ban taɓa tambayar inda waƙoƙin suke kwana ba. Ba na cewa maganarsa ta wanke shi. Mutum yana iya faɗin gaskiya don ta fi masa sauƙi a kan wata gaskiyar, kuma hana fuskar nan yana da nasa farashin da ba shi zai biya ba. Amma tambayar ta zauna daram.

Abin da ya kashe maganar tafiya kuwa, daga Kano ya zo. Da ta sake kiransu ta ce tana da goyo, wani daga cikin masu shirin ya ce ai ba matsala, ta bar yarinyar wurin kaka a haɗa ta da madarar gwangwani, ko ta yaye ta kawai, don lokeshan ba wurin jariri ba ne, wani lokaci ana kaiwa ƙarfe biyun dare. Yarinyar ba ta ma kai wata shidan da ma'aikatan lafiya ke cewa a ba da nono zalla ba. Da aka maimaita maganar a zaure, Kawu ya karanto ayar Baƙara da ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ya rufe bakinsa. Ita da kanta ta ce ba za ta ba. Ina jaddada wannan don daga baya an yi ta yaɗawa wai miji ne ya hana. Miji ya hana fuska. Tafiyar ita ta fasa.

Kawu ya yanke cewa a nemi ba su murya ba tare da fuska ba, kuma a wannan karon a rubuta. Maganar fitowa a bidiyo kuma a ajiye ta, a sake zama bayan yaye.

Shafi guda

Ni na rubuta takardar, da Hausa, shafi ɗaya. Wani ɗan'uwanmu da ya karanta shari'a ya duba, shi ya faɗa mana cewa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi haƙƙin mai rerawa, kuma sayar da haƙƙi ɗungurungum ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce. Abin da takardar ta ƙunsa kaɗan ne: baitocin nata ne, masu shirin suna da izinin sa waƙoƙin a cikin shirinsu da tallansa, ita kuma tana da ikon sa su a tasharta, za a rubuta sunanta a farkon kowane kashi, kuma za a cika kuɗi kafin ta tura murya ta ƙarshe.

Furodusan ya ji haushi. Ya ce su ba su saba haka ba, ai duk 'yan'uwa ne, takarda sai ka ce ana rigima. Mako biyu ba a ji daga gare su ba, har ta fara cewa na jawo mata. Da suka dawo sun yarda, amma sun zaftare kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, tunda ba su mallaki waƙar ba. Ta karɓa. Makaɗin kuma ta biya shi daga aljihunta, ta karɓi dukkan kayan aikin a kwamfuta, kiɗa daban, murya daban, don kada gobe a ce nasa ne.

Sai maganar inda za a ɗauka. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, kuɗin mota da na janareta suka yi sama, situdiyon cikin gari ya ƙara farashin awa. Mijin ya sayo makirufo da 'yar na'urar da ke haɗa shi da kwamfuta, ya ce bashi ne, na kuwa rubuta shi a bashi. Aka jingina tsofaffin katifu biyu a kusurwar ɗakin ajiya, aka rataya bargo. Ba a iya ɗauka sai bayan sha biyun dare, lokacin da janaretocin maƙwabta suka yi shiru, yarinya ta sha ta yi barci. Fanka dole a kashe ta don makirufo na kama ƙararta. Duk wanda ya san Sakkwato kafin saukar damina ya san me ake nufi da rufe kai cikin katifu ba fanka. Takan fito kamar an tsamo ta daga rijiya. Wani dare sai da aka sake baiti ɗaya sau tara, don duk lokacin da ta kai tsakiya sai yarinyar ta motsa, ni kuma ina jijjiga ta a tsakar gida ina addu'ar kada ta buɗe baki. In an gama a tura wa makaɗi a Kano a matsayin fayil, ba saƙon murya ba, don kada ingancin ya ragu, shi ya haɗa ya dawo da shi.

Tashar YouTube ta fi ba mu wahala a kan yadda muka zata. Kafin a fara biyan mutum kuɗin talla sai ya tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12, kuma ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Mun ɗauka za mu cike gibin da tsofaffin waƙoƙinta. Muna ɗora ta farko sai ga sanarwa wai wani ne ke da haƙƙinta. Wata tasha da ba mu san mai ita ba ta riga ta yi rajistar waƙar, kuɗin tallan can zai tafi. Muryarta ce, numfashinta ne, har ɗan tarin da ta yi kafin baiti na biyu yana nan, amma ba mu da ko tsinken da za mu nuna. Muka sauke. Rumbun nata daga sababbin waƙoƙi ya fara, da na shirin, da na bikin da masu su suka yarda a ɗora.

Bidiyon ba fuska: rubutun baitoci, hannu da lalle, hoton gulbin Rima da yamma, wani lokaci tafin ƙafar jaririyar. Suna samun masu kallo, amma ba su kama ƙafar na masu fuska ba.

Abin da aka samu, da abin da ya wuce

Shirin ya karɓu. Yarinyar da aka ba matsayin, wadda ta yi mamin a kan muryar, yanzu ana gayyatarta buɗe shaguna, tana tallan atamfa da man shafawa. A TikTok 'yan mata da yawa sun hau waƙar suna motsa baki, wato mamin ɗin dai ya dawo, wannan karon ma kyauta. Sunan taubashiyata yana fitowa a farkon kowane kashi kamar yadda aka rubuta, kuma ta nan ne iyayen amare daga Kaduna da Abuja, har da Yamai, suka fara nemanta. A littafina, kuɗin waƙar biki ya ninka abin da yake kafin shirin, kuɗin YouTube kuwa yakan zo ne jefi-jefi, ya isa sayen data da ɗan abin da ba a rasa ba. Ta biya bashin makirufo cikin shekara. Ribar gaske ba daga rumbun ta fito kai tsaye ba, daga layin sunan nan ta fito, wanda ni a lokacin na ɗauke shi a matsayin ƙarin gishiri.

Ƙannenmu masu waya sukan kawo mata misalin mawaƙiya Rihanna, da ta yi waƙa a babban filin ƙwallon Amurka a Fabrairun 2023 da ciki a gaban duniya, ko mawaƙan Legas da ke haihuwa su koma dandali. Takan yi dariya ta ce su kawo mata masu rainon da jirgin. Ni abin da nake gani shi ne waɗancan tun farko da sunansu da fuskarsu aka san waƙarsu, ciki da goyo ba su da abin da za su ƙwace musu. Ita kuwa haihuwa ta same ta ba ta mallaki komai ba sai lambar wayar da ake kira, shi ya sa makonnin jego suka isa su share ta.

Duk da haka ba na yarda in ta ce ba ta yi asara ba. Na ga fuskarta daren da aka saki kashin da mawaƙiyar cikin labarin ta hau dandali. Ta kalla har ƙarshe, ta mayar baya ta sake kallo, sannan ta ce yarinyar ta yi ƙoƙari amma ta buɗe baki kafin numfashi a baiti na uku. Daga nan ta tashi ta shiga wanke-wanken da ba na gaggawa ba.

An yaye yarinyar tuni. Zaman da Kawu ya ce za a sake har yanzu ba a yi ba. Sau ɗaya mijin yana Kudu da kaya, sau ɗaya Kawu ba ya jin daɗi, sau ɗaya kuma ita ce ta ce a bari sai bayan Sallah. Gwaggo tana nan a kan bakanta. Hajiya kuwa ta sa an zuba mata waƙoƙin a waya, tana kunna wa baƙi.

Kwanan baya yaron ya dawo daga makaranta a fusace, da abokansa uku a bayansa. Wai yayar ɗayansu tana da waƙar a waya, ya ce ta mamansa ce, suka ƙaryata shi, suka nuna masa jarumar. Ya tsaya a tsakar gida yana huci.

"Mama, ki fito ki yi musu su ji."

Tana tankaɗe, hannunta duk gari. Ta dube ni, na ɗauke kai. Ba ta fita ba. Daga inda take zaune ta ɗaga murya ta ja baitin farko, ba kiɗa, har ya kai zaure inda yaran suke tsaye. Da ta kai amshi sai muka ji ɗaya daga cikinsu ya karɓa.